Fim ɗin da ya ƙone a Toronto: yadda wani mai neman tama ya gano abin da ke riƙe ɗan kallo

Asalin lamarin, 1910 zuwa 1913

Mutumin da za mu bi lamarinsa, Robert Flaherty, wanda ya yi fim ɗin Nanook of the North, ba ɗan fim ba ne tun farko, mai neman ma'adinai ne. A jihar Michigan ta Amurka aka haife shi a 1884, babansa ma harkar haƙar ma'adinai yake yi, to a sansanonin mahaƙa na dajin Kanada ya taso. A 1910 wani attajiri mai shimfiɗa layin dogo a Kanada, Sir William Mackenzie, ya ɗauke shi aiki ya ce ya je gabashin tekun Hudson ya dubo masa ko akwai tama a can. Wurin nan arewa ne can ƙurya, inda bishiya ma fitowa ke gagararta, teku kan daskare wata da watanni har a yi ta tafiya a kansa, mutanen wurin kuwa su ne Inuwit, waɗanda Turawan lokacin ke ce wa Eskimo. Tsakanin 1910 da 1916 sau 4 yana zuwa, kuma duk yawon da ya yi da su ya yi shi, su ne 'yan jagora, su ne masu kora karnukan da ke jan amalanken ƙanƙara, su ne masu farauto abin da za a ci.

Da zai yi tafiya ta uku a 1913 sai maigidan nasa ya ba shi shawara ya tafi da kyamarar ɗaukar fim, tunda ga shi yana shiga inda ba kowa ke shiga ba. Ya sayi kyamara ƙirar Bell & Howell irin wadda ake murzawa da hannu, ya je Rochester garin kamfanin Kodak ya yi kwas na sati 3. Iyakar karatunsa na fim kenan.

Ɗaukar farko, 1913 zuwa 1916

Ya yi hunturu a tsibirin Baffin, daga baya ya sauka tsibiran Belcher, waɗanda taswirar Turawa ta nuna su 'yan ɗigo-ɗigo alhali manya ne, har yau tsibiri mafi girma a cikinsu sunan mutumin nan yake amsawa. Tamar da ya samo ba ta kai a zuba mata kuɗi ba. Amma fim kam ya ɗauko. Yadda yake aikin kuwa, idan ya samu sarari daga binciken duwatsu ya ga wani abu ya burge shi sai ya kafa kyamara ya murza, yau karnuka gobe masu kwalekwale, wannan a wannan tsibiri wancan a wancan, mutane daban-daban kuma a shekaru daban-daban.

Abin da ya tara ya kai ƙafa 30,000. Fim na wancan zamani kusan ƙafa 1 yake ci a daƙiƙa guda, kenan ana maganar sama da awa 8 na hoto, da za a warware shi a ƙasa sai ya haura kilomita 9.

Gobara, 1916

A Toronto ya zauna ya yanka ya haɗa ya fitar da kwafi guda na kallo. Yana cikin tattara nagetif ɗin ne wutar sigarinsa ta faɗa kai. Fim na lokacin da sinadarin naitiret ake yin sa, wanda idan ya kama ko ruwa ba ya kashe shi, nan take komai ya tashi, shi ma ya ƙone sai da ya kwanta asibiti. Duk wanda ya riski zamanin wankin hoto ya san nagetif shi ne uwa, daga jikinsa ake buga kowane kwafi. Abin da ya rage masa na aikin shekara 3 shi ne wancan kwafi ɗaya tal.

Yawo da kwafi ɗaya, 1916 zuwa 1920

Abu na farko da ya gwada shi ne ya yi ta nuna kwafin ko Allah zai sa wani mai kuɗi ya gani ya ɗauki nauyin komawarsa. Ya nuna wa ƙungiyoyin masana taswira da na matafiya a New York, ya nuna wa abokan arziki. Ana kallo ana yi masa sannu da ƙoƙari, amma ba wanda ya sa hannu a aljihu, ga shi kuma ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya wanda bai ƙare ba sai 1918, hankalin kowa yana can.

A wajen nunawar nan ne ya lura da wani abu. Hankalin masu kallo a kansa yake, shi matafiyin, ina ya je, me ya gani, ba mai tashi yana tambayar me ya samu wane a cikin fim ɗin, don babu wani wane da za a tambaya. Daga baya shi da kansa ya rubuta cewa fim ɗin bai yi ba sam, hoton wannan ne da hoton wancan, ba abin da ya haɗa su, babu zaren labari ko kaɗan, kuma lalle ya gundiri waɗanda suka zauna suka kalla. Kamar bidiyon biki ne, wanda ya halarta zai zauna awa uku yana nuna ga gwaggo ga kawu, baƙo kuwa minti goma ya fara latsa waya. Shi ya san kowace fuska da kowane dutse, labarin duk yana cikin kansa, amma ko kaɗan bai shiga cikin fim ɗin ba.

Shi da matarsa, wadda marubuciya ce sun yi aure a 1914, suka yi ta juya maganar har suka tsaya a kan shawara: a koma, amma wannan karon fim shi ne aikin, ba ruwansa da tama, a ɗauki mutum ɗaya da iyalinsa a bi su shekara guda cur, a nuna yadda suke fama da yunwa da sanyi. Shekara 4 yana neman mai ba da kuɗi. Sai a 1920 Revillon Frères, wani kamfanin Faransa mai sayen fatun dabbobi da ke gogayya da kamfanin Hudson's Bay, ya amince, don a wurinsu talla ce.

Komawa, Agusta 1920

Ya sauka Port Harrison, wanda yanzu ake kira Inukjuak a arewacin lardin Kebek na Kanada, inda kamfanin ke da kanti. Ya zo da kyamarar Akeley guda 2, irin waɗanda da garafait, baƙin abin nan na cikin fensir, ake shafa musu maimakon mai, don mai daskarewa yake a wannan sanyi, kuma kansu na juyawa sumul a bi abu yana tafiya. Ya zo da fim ƙafa 75,000, da janareto, da majigi, da kayan wanki da bugawa gaba ɗaya. Wato yanzu ba sai ya koma birni zai ga abin da ya ɗauka ba, a nan zai wanke ya gani, mutanen da ya ɗauka su ma su gani.

Wankin ba ƙaramar wahala ba ce. Ruwa sai an fasa ƙanƙara an ɗebo a ganguna, sai an tace gashin rigunan fata da ke zuba a ciki. Wutar janareto rawa take yi ba ta buga kwafi daidai, sai ya toshe taga ya bar 'yar kafa daidai girman hoto ɗaya yana bugawa da hasken rana. Inuwit ɗin ne ma'aikatansa a duk wannan, har kwance kyamara suke yi su goge su mayar.

Ya zaɓi wani mafarauci da ake ji da shi a yankin mai suna Allakariallak ya sa masa suna Nanook a fim. Ya haɗa masa iyali, mata biyu da yara, waɗanda ba iyalinsa na gaske ba ne.

Gwajin farko: farautar walros, 1920

Walros wata ƙatuwar dabbar teku ce mai dogayen haure biyu, namiji kan wuce tan 1. A lokacin Inuwit na yankin sun riga sun samu bindiga daga kantunan Turawa, amma aka yi yarjejeniya za a yi farautar yadda iyayensu ke yi, da mashi mai igiya. Mai fim ɗin ya rubuta cewa ya gaya wa Allakariallak wataƙila sai sun haƙura da nama idan ɗaukar ta buƙaci haka, ga shi kuwa mutane ne da nama shi ne rayuwarsu, shi kuma ya amsa cewa kyamara ce gaba.

Suka je wani tsibiri suka yi kwanaki suna jira har garke ya hau gaɓa ya kwanta. Suka yi rarrafe, aka soki ɗaya, ta zabura ta faɗa ruwa, maza suka riƙe igiya suna turjewa a bakin teku tana jan su suna jan ta, har wata 'yar uwarta ta zo ta sarƙa haurenta tana ƙoƙarin ƙwace ta. Da abin ya yi tsanani suka yi ta yi masa ihu ya ɗauki bindiga ya harbe, shi kuma, kamar yadda ya faɗa da bakinsa, ya yi kamar bai gane ba ya ci gaba da murza kyamara.

Wannan ne fim na farko da ya wanke ya haska musu. Mutanen ba su taɓa ganin majigi ba, da farko sai waige suke yi, su kalli bango su kalli na'urar su kalli Allakariallak da ke zaune a tsakaninsu, amma da aka zo wurin ja-in-ja ɗin sai ɗakin ya kaure, suna yi wa mutanen da ke jikin bango ihu su riƙe, su turje, kar su saki. Daga ranar suka fara kawo masa shawarar abin da ya kamata a ɗauka.

Tafiyar da ba ta yi ba, farkon 1921

Ɗaya daga cikin shawarwarin ita ce a je can arewa a ɗauki farautar farin beyar a cikin raminsa, wanda da an samu shi ne zai zama ƙololuwar fim ɗin. Suka kama hanya da karnuka a tsakiyar hunturu. Kusan wata 2 suka yi, ba su ɗauki beyar ko ɗaya ba, abinci ya ƙare, yunwa ta kashe wasu karnukan, har ta kai suna ƙona fim don su dafa shayi. Suka dawo da kyar. Wannan ita ce yunwar gaske da aka yi a shekarar, kuma ba ta cikin fim ɗin.

Ɗakin ƙanƙara da ramin sil, 1921

Iglu, ɗakin da suke ginawa da tubalin dusar ƙanƙara, faɗinsa bai fi ƙafa 12 ba, kyamara ba ta samun wurin tsayawa, ga duhu. Aka ce a gina mai ƙafa 25. Ba su taɓa gina irinsa ba, ya yi ta ruftawa ana sakewa har ya tsaya, da aka shiga kuma aka ga har yanzu haske bai isa ba, sai aka rushe rabinsa. Abin da ɗan kallo ke gani na iyali sun tuɓe sun kwanta cikin fatu, da safe sun farka, a fili aka yi shi sanyi na dukansu.

Akwai wurin da ya kamata a tsaya a duba da kyau a nan. Bayan an gama ginin sai rubutu ya fito, don fim ne marar magana, ya ce saura abu ɗaya, bai faɗi ko mene ne ba. Sai ka ga Nanook ya tafi wani wuri yana sarar ƙanƙara mai garai-garai, ba ka san me zai yi da ita ba, ya ciro ta ya ɗauko ya dawo ya kara ta a jikin ɗakin ya zana gefenta da wuƙa, ya yanke bangon daidai girmanta ya cusa ta, sai a nan ka gane ashe taga ce. Bai tsaya nan ba, ya ɗauki tubalin da ya cire ya kafa shi a gefen tagar don ya riƙa karkato hasken rana zuwa ciki, matar kuma tana gogewa daga ciki. Da a ɗaukar 1914 ne, hoton iglu mai taga kawai za a nuna a wuce.

Haka wurin sil, dabbar da ke zama ƙarƙashin ƙanƙara tana leƙo hanci ta wani ɗan rami don shaƙar iska. Ana ganin Nanook ya soka mashi a ramin, sai kokawa da igiya, ya faɗi ya tashi ya sake faɗuwa, ba a nuna abin da ke ƙasa ba sai can ƙarshe da 'yan uwa suka zo aka jawo. A zahiri dabbar ta riga ta mutu, mutane ne a inda kyamara ba ta gani suke jan ɗaya bakin igiyar.

Tacewa, 1921 zuwa 1922

A Agusta 1921 ya bar wurin, a New York ya zauna ya tace. Bai bi jerin yadda ya ɗauka ba, jerin shekara ya bi, daga lokacin da ƙanƙara ta narke zuwa tsakiyar hunturu, daga raha zuwa tashin hankali. A farko-farko kwalekwalen fata ɗan siriri ne ya iso gaɓa, Nanook ya fito, sai mata ta fito daga cikinsa da jariri, sai wata, har da ɗan kwikwiyo, ana yanka hoton ana sa sunan kowa a tsakani yadda za ka ɗauka duk a ciki suke. Kafin minti kaɗan ka san su ka yi dariya da su. Sai kanti, inda Bature ya kunna garmaho Nanook ya ɗauki faifan ya gartsa masa cizo. Sai kamun kifi, sai walros, sai hunturu. A ƙarshe guguwa ta rutsa su suka faɗa wani tsohon iglu da aka bari, hoto yana kaiwa yana komowa tsakanin karnuka a waje dusar ƙanƙara na binne su da fuskar Nanook yana barci. Duka-duka bai kai awa 1 da minti 20 ba.

Kasuwa, Yuni 1922

Mutanen kamfanin fina-finai na Paramount suka kalla suka ce ba mai biyan kuɗi ya ga wannan, wasu manyan kamfanoni ma suka ƙi. Pathé, wanda shi ma asalinsa na Faransa ne, ya karɓa. Ranar 11 ga Yuni 1922 aka fara haska Nanook of the North a silimar Capitol ta New York. An kashe kusan dala 53,000 wajen yin sa, ya mayar da kuɗinsa ya ci riba, ya zagaya Turai da sauran duniya. Paramount ɗin da suka ƙi shi su ne suka dawo suka ba mutumin kuɗi ya je tsibiran Samowa da ke tekun Pasifik ya yi musu irinsa, aka fitar a 1926. A 1989 da ɗakin karatu na majalisar Amurka ya fara ware fina-finan da za a adana wa tarihi, yana cikin 25 na farko.

Abin da ya biyo baya

Allakariallak bai wuce shekara 2 da fitar fim ɗin ba ya rasu. Mai fim ya shaida wa duniya cewa yunwa ce ta kashe shi a wajen farauta, jaridu suka ɗauka. Masu bincike daga baya sun fi karkata ga cewa a gida ya rasu, tarin fuka ne. Matar da ta fito a matsayin uwargida ta haifi ɗa namiji a ƙarshen 1921, ɗan mai fim ɗin ne, bai taɓa amsa shi a fili ba kuma bai sake komawa garin ba. A shekarun 1950 gwamnatin Kanada ta kwashi wasu iyalai daga Inukjuak ta kai su can ƙurewar arewa inda suka sha baƙar wahala, wannan ɗan yana cikinsu, sai a 2010 gwamnati ta nemi gafara.

Yadda na ga lamarin

Ƙasa ɗaya ce, jama'a ɗaya, mai kyamara ɗaya, amma fim na farko ya sa mutane hamma na biyu ya sa su ihu. Kyamarar Akeley ta taimaka, amma ba ita ba ce. Abin da ya canza shi ne an ba ɗan kallo mutum guda da zai damu da shi, aka rataya masa tambaya, yau za a ci ko ba za a ci ba, sannan aka ƙi ba shi amsa da wuri. Hoton walros shi kaɗai dabba ce a ruwa. Hoton walros bayan ka ga yaran da ke jiran nama, abinci ne, kuma igiyar nan idan ta tsinke kai ma sai gabanka ya faɗi. Wurin tagar nan ni a ganina ya isa makaranta ga duk mai riƙe kyamara ko da ta waya ce, ba a ƙara komai a kan gaskiya ba, jinkirta bayani kawai aka yi har ɗan kallo ya gano da kansa, kuma abin da ya gano shi ne basirar mutumin.

Rushe rabin iglu ban ga laifinsa ba, cikin iglu haka yake, haske ne kawai aka nema. Farauta da mashi ma su suka yarda kuma sana'ar iyayensu ce, sai dai rubutu ɗaya ya isa a ce haka ake yi a da, ba a sa ba, saboda labarin yana son mutumin da bai san bindiga ba. A nan ne abin yake min ciwo. Labarin da ya ba hoton rai shi ne kuma ya zaɓi abin da za a ɓoye, ya ɓoye bindiga, ya ɓoye sunan mutum, ya mayar da kantin da ya biya kuɗin fim wurin wasa da dariya. Cizon faifan garmaho kuwa zalunci ne, mutanen da ke kwance kyamara su mayar ba su ne za su ɗauka faifai abin ci ne ba, an sa shi ya yi ne don Bature ya ji daɗi, kuma miliyoyin mutane sun tashi da wannan hoton a matsayin sanin Inuwit. Ƙin ɗaukar bindiga ana kiransa ma ban yarda da shi ba, rayukan mutane ne a bakin igiyar. Har mutuwar Allakariallak sai da aka lanƙwasa ta ta dace da fim.

Abu mafi kyau da ya yi shi ne haska wa mutane abin da ya ɗauka yana jin ta bakinsu, amma almakashi a New York yake, ba Inuwit ko ɗaya a ɗakin da aka yanke abin da duniya za ta gani. Jean Rouch, Bafaranshen da ya yi shekaru yana fim a Nijar, yana lissafa Flaherty cikin kakanninsa a sana'a, kuma wannan ɗabi'ar ya ɗauka ya ƙara gaba da ita. Ya ɗauki farautar dorina ta Sarkawa a kogin Kwara wajen Ayoru, ya tace ya ɗora kiɗa a kan wurin farautar, da ya koma ya haska musu a shekarun 1950 sai masuntan suka ce a'a, dorina tana ji a ƙarƙashin ruwa, kiɗa ƙarfin gwiwa zai ba ta ta tsere, farautarta shiru ake yi. Rouch ya cire kiɗan.